Ranar Haihuwar Auta da Takardar da Yayanta Ya Rasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Ni tela ne a Garwa, arewacin Kamaru, kuma ina roƙon ɗan fili a jaridarka don wata magana da ta tsaya mini a rai tun watan Yunin da ya wuce.

Ran 14 ga Yuni Autarmu ta cika shekara 7. Uwarta ta daɗe tana son a yi mata ɗan taro, domin yarinyar ta sha zuwa na ƙawayenta na lekwal, wato makarantar boko, ta dawo tana ba mu labari. Inna, mahaifiyata, ta ce ita ba ta san wannan ba, a wurinta suna shi ne biki, in an yanka rago ranar bakwai an gama. Ban yi gardama da ita ba. Na dai ce mata ba kiɗa, ba hura kyandir, yaran unguwa ne kawai za su ci abinci a yi wa yarinya addu'a. Ta ce to, in dai da addu'a.

Haka aka yi. Uwargida ta dafa shinkafa da kifin Binuwai, ta soya makala, wato fanke, cike da roba, aka haɗa folere, wato zoɓo, mai sanyi, ƙanwarta ta kawo gato, wato kek, ɗan ƙarami. Ni na ɗinka wa Auta doguwar riga daga ragowar shadda. Duk kashin bai kai jaka goma sha biyar na sefa ba. Yara suka cika tsakar gida, har da almajiran makarantar allo da ke bayanmu, kuma Inna da kanta ta zauna kan tabarma tana raba makala biyu biyu.

Ana cikin haka Auta ta zo ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, kai yaushe ne ranarka? In yi maka kai ma." Na rasa abin faɗa. Katin shaidata an rubuta "né vers 1979", wato an haife ni wajajen shekarar nan, babu wata babu rana. Na juya ga Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce da damina ne, dawa ta fara fitar da kai, ranar Laraba ko Alhamis. Iyakar abin da ya rage ke nan na ranar da na zo duniya. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, haka zamaninsu yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma, da na shiga lekwal har na iya karatu, na maimaita wannan a kan ɗana na fari. An haife shi a gida a shekarar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, Binuwai ta cika ta shiga gidajen mutane. Hankalin kowa yana kan ruwa. Muka yi suna, wanzami ya yi aski, aka ci rago, ba wanda ya tuna da ofishin magajin gari, inda ake rajistar haihuwa. Sai da ya kai ajin ƙarshe na firamare malaminsu ya aiko cewa ba a rubuta yaro jarrabawar CEP, ta kammala firamare, sai da takardar haihuwa. A nan na san cewa in lokacin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu: likita ya duba yaro ya ƙiyasta shekarunsa, a kawo shaidu, a jira alƙali ya yanke. Kafin takardar ta fito an rufe rajistar jarrabawa. Yaron nan, wanda ke cikin na gaba gaba a ajinsu, ya maimaita shekara guda. Ranar da abokansa suka tafi ɗakin jarrabawa ya wuni a shagona yana ɗaura maɓalli, bai ce da ni uffan ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kuma ba gidana kaɗai ba ne. A layinmu akwai yaron da in ka tambayi shekarunsa sai a ce maka ai lokacin da Najeriya ta ci Masar a filin Rumde Ajiya aka haife shi. Wannan ya yi sa'a, don kowa ya san Janairun 2022 ne. Saura fa?

Da aka ba da dogon hutu na cika wani alkawari da na daɗe da yi wa Inna. Kakana daga Kano ya zo ƙasar nan, marini ne, kuma ba ɗayanmu da ya taɓa ganin garin. Muka ɗebi yara muka shiga ta Yola. A kan iyaka aka nemi takardun yara, uwargida ta zaro su daga jaka, muka wuce. Wata mata da muka shigo mota ɗaya da ita, ba ta da ta ɗanta, mun bar ta can tana roƙo. A Jimeta na nuna wa yaran kogi na ce wannan fa Binuwai ɗinmu ce ta biyo mu. Muka bi ta Numan da Gwambe, muka isa Kano a gajiye.

Kwana biyar muka yi. Mun hau Dala da sassafe, gari ya shimfiɗu a ƙasanmu har iya ganin ido. Mun shiga Gidan Makama, inda mai zagayawa da baƙi ya ba mu labarin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A kasuwar Kurmi masu kanti suna ta sa yara su sake faɗin "lekwal" da "gato", suna cewa Hausar Faransa ta zo. Amma inda Inna ta fi so shi ne karofin Ƙofar Mata. Ta tsaya bakin ramukan rini, warin baba da toka ya buge ta, sai hawaye. Ta ce haka hannun surukinta yake, shuɗi har gwiwar hannu, ko ranar Sallah ba ya fita. Ni kuma idona na tela yana kan yadda ake ɗaure farin yadi da zare kafin a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa har launin ya kama.

A bakin ƙofar wurin an rubuta shekarar da aka kafa shi, 1498. Auta ce ta karanta da ƙarfi, ta ce, "Baba, ramukan ma an rubuta musu shekararsu." Yayanta yana tsaye kusa da ni, ya dube ni, na dube shi.

Malam Edita, ban rubuto don in ce kowa ya yi bikin ranar haihuwa ba. Wanda ya ga bai dace da gidansa ba, ya bari, malamai sun fi ni sanin hukuncinsa. Roƙona ga limamanmu ne da ke raɗa suna, da jauro da lawan na kowace unguwa, da ungozomomi da wanzamai, tunda su ne ke fara shiga gidan mai jego. Bayan an shafa fatiha, a tambayi uban jariri a gaban jama'a: ka je ofishin magajin gari? In bai je ba, a sa wani ya raka shi a makon nan. Rago ya fi takardar nan tsada nesa ba kusa ba, kuma ba ma fasa yanka shi.

Ƙanwar uwargida tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Na riga na gaya wa mijinta cewa rigar suna a kaina take, kyauta, amma sai ya nuna mini takardar rajista zan miƙa masa. Na kuma sayi littafi mai bango mai ƙarfi na ajiye a akwatin keken ɗinki, na rubuta ranar kowane yaro na gidanmu. A shafin farko na sa abin da Inna ta faɗa a kaina: damina, dawa ta fitar da kai, Laraba ko Alhamis.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani tela mai karanta ku,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru