Gabar Magoya Bayan Hamilton da Verstappen

Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan gabar magoya bayan Lewis Hamilton da Max Verstappen a tseren motoci na Formula 1. Tun tseren Abu Dhabi, na ƙarshe a kakar 2021, wanda suka shiga kunnen doki da maki 369.5 kowannensu, Verstappen kuma ya wuce Hamilton a zagayen ƙarshe ya lashe kambun, zukata ba su huce ba. A ganina laifin na shugaban tseren ne, Michael Masi, wanda ya saɓa ƙa'idar motar tsaro (motar da ke shiga gaban masu tsere don rage musu gudu idan an yi haɗari), har hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta sauke shi a 2022. Saboda haka ina kira ga masoya Hamilton, waɗanda nake cikinsu, su daina zagin Verstappen.

Naka,
Mai karatu daga Kano