Ku taɓo tarihin Lyse Doucet, ku kuma bar wakilanku su daɗe a fagen labari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili kan shirinku na tarihin fitattun 'yan jarida. Har yanzu ban ji kun taɓo Lyse Doucet ba, babbar wakiliyar BBC kan harkokin duniya tun 2012, alhali a yankinmu na Afirka ta Yamma ta koyi aikin.

An haife ta a 1958 a Bathurst, wani ƙaramin gari a lardin New Brunswick na Kanada. Da ta gama digiri na biyu a Jami'ar Toronto a 1982, sai ta zo Kwaddebuwa aikin sa-kai, kuma daga 1983 zuwa 1988 tana Abidjan tana aika rahotanni.

Abin da ya fi burge ni shi ne alaƙarta da Afganistan. Ta isa Kabul a 1988, ta ga ficewar sojojin Tarayyar Sobiyet a 1989. A Satumbar 2002 tana Kandahar tare da tawagar Shugaba Hamid Karzai lokacin da wani ɗan bindiga ya buɗe wa motarsa wuta. Da Taliban suka sake karɓe mulki a Agustan 2021, ana tururuwar ficewa ta filin jirgin Kabul, nan ma aka ji muryarta. Shekaru sama da talatin ke nan tana komawa ƙasa guda. Wanda ya yi haka ba a yi masa rufa-rufa da sauƙi. Ya san wanda ya sauya riga, ya san alkawarin da aka yi jiya ba a cika ba. Ta zauna a Islamabad da Amman da birnin Ƙudus, yaƙin Yukiren ma a Kyiv ya same ta a 2022.

Mu a nan kuwa, a kai hari ƙauye a Zamfara, wakili ya buga wa kakakin 'yan sanda waya, ya karanto adadin mamata, shi ke nan. Bayan wata uku wa ya koma ya ga ko manoman sun iya shiga gonakinsu? Na san kuɗin mota da tsaron rai ba wasa ba ne, ban kuma ɗora laifin a kan wakilan ba, don ba su ke raba aiki ba. Ku ne, Malam Edita. Ku ware ko mutum ɗaya, ku ba shi yanki guda ya riƙe shekara biyu.

In za ku yi shirin, don Allah ku sa shi da dare, bayan an taso daga kasuwa.

Na gode.
Mai sauraronku daga Gusau