Wasiƙa zuwa ga Sani, kan abin da muke tunawa

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka yi nisa, ƙuruciyarka ba ta faɗo maka a rai sai in kana hira da harshen gida. Kwantar da hankalinka, ba tsufa ba ne. A shekarar 2000, wasu masu bincike, Viorica Marian da Ulric Neisser, sun gwada mutanen da suka tashi da Rashanci suka koma Amurka. In an yi musu tambaya da Rashanci, sai su fi tuno zamansu na can baya. In da Turanci ne, sai na Amurka ya fito.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne aikin Qi Wang ta Jami'ar Cornell. Ta tambayi ɗalibai abu na farko da suke iya tunawa a rayuwarsu. Na Amurka sukan koma wajen shekara 3 da rabi, na Sin kuwa sai an ƙara kamar wata 6. Labarin ma ya bambanta. Ba'amurke zai kawo dogon zance, shi ne a tsakiya, abin da ya so da yadda ya ji. Ɗan Sin zai taƙaita, kuma yawanci maganar gida ce ko makaranta, shi ɗaya ne cikin mutane. A New Zealand kuma, wani binciken daban ya nuna 'yan Maori, 'yan asalin ƙasar da suke riƙe tarihin kakanni da baki, nasu yakan kai kusan shekara 2 da rabi.

Masu binciken suna danganta wannan da hirar uwa da ɗanta. Wata za ta ce, "Me ka gani? Ya ka ji?" Wata kuma, "Wa ya zo? Ka gaishe shi?" Yaro da haka yake koyon abin da ya cancanci a adana. Ni ban ga wadda ta fi wata ba, kowacce irin mutumin da take so take ginawa.

Shi ya sa yaranka suke cikin raina. Makaranta da abokai suna yi musu irin tambayoyin can, na gida kuwa in ba kai da uwargida ba, babu mai yi. Ka riƙa zaunar da su kuna tuna baya tare, da harshenku, ko da amsar za ta zo a gauraye.

Ka rubuto mini abu na farko da kai kake tunawa, in ji ko kai kaɗai ne a ciki. A gaida uwargida da yara.

Abokinka,
Bala