Maganaɗisu Kaɗai Ba Ya Tabbatar da Zinariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin iyayenmu mata da masu haɗa kayan lefe kan wani gwaji da ya yaɗu, inda ake kara maganaɗisu a jikin sarƙa ko ɗan kunne, idan bai kama ba sai a ce zinariya ce ta gaske. Gaskiya ne zinariya ba ta bin maganaɗisu, amma haka ma tagulla da azurfa da dalma da alminiyam, saboda haka sarƙar tagulla da aka yi wa ruwan zinariya za ta tsallake wannan gwaji lafiya lau. Akwai kuma sarƙar gaske da za ta kama ta wurin maɓallinta, domin 'yar wayar da ke ciki ta baƙin ƙarfe ce.

A ganina, ruɗanin ya samo asali ne daga yadda muke haɗa dukkansu mu kira su ƙarfe, har yaro ya tashi da zaton kowane ƙarfe yana bin maganaɗisu. Waɗanda suke kamawa sosai kaɗan ne, wato baƙin ƙarfe da nikel da kobalt da wasu gaurayensu, kuma su ne ake iya mayarwa maganaɗisu, saboda a cikinsu akwai ƙananan yankuna da ke juyawa su fuskanci gefe ɗaya. Zafi yana wargaza wannan jeri, shi ya sa baƙin ƙarfe ke daina kamawa idan ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyos. Alminiyam yana ɗan karkata ne ta yadda hannu ba zai ji ba, tagulla da zinariya kuwa ɗan turewa ma suke yi.

Ko a cikin masu kamawar akwai bambanci. Wanda ake kira ƙarfe mai laushi yana sakin ƙarfin kamawar da zarar an janye maganaɗisun daga jikinsa, shi ake sa wa a taransifoma, mai riƙewa kuma shi ne a bayan lasifika. 'Yan gwangwan sun san bambancin masu kamawa da marasa kamawa a aikace, da maganaɗisu suke ware tagulla daga baƙin ƙarfe, kuma ya kamata malaman kimiyya su koyar da shi da Hausa a fili.

Mai sayen zinariya ya kai wa maƙerin zinariya amintacce ya gwada da ruwan gwaji, ya kuma auna nauyi, domin zinariya ta ninka tagulla mai girmanta nauyi fiye da sau biyu.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Zariya