Barka da Sallah daga Ingila, da maganar wainar Kaka

Assalamu alaikum Inna. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

A nan zauren haya ake kamawa a yi Idi rukuni-rukuni, ana sallamewa kowa ya ruga wurin aiki. Ba tambari, ba ƙurar dawaki. Ku kuwa na san yanzu yara sun yi Ƙofar Soro, gobe ga Hawan Bariki.

Daren jiya na karanta wani labari na 'yan'uwa mata uku da uwarsu ta rasu. Marubucin bai daɗe kan jana'iza ba, ya wuce Sallar farko bayan rasuwar: su uku tsaye kan tukunya, ba wadda ta san awon miyar uwarsu. Nan hawaye ya zo mini, Kaka ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Don Allah Auta ta ɗauko biro ta rubuta wainar Kaka yau, Inna ki gyara inda na kuskure. Shinkafar tuwo gwangwani 4, a jiƙa 3 ta kwana, a dafa 1 ta yi luguf ta huce. A haɗa da albasa a kai niƙa, a sa yis ƙaramin cokali 2, a rufe a wuri mai ɗumi. Sai ƙullu ya tashi ake sa sukari da gishiri da ɗan ruwan kanwa. Kanwar ke kashe tsami, amma in ta yi yawa waina ta sauya launi, ta yi warin kanwa. Ƙullu ya cika ruwa, waina ta kwanta. Tanda ta ɗau zafi kafin a zuba mai, wuta kuma kaɗan, in ba haka ba baya ya ƙone ciki ɗanye.

A nan basmati ce ta fi yawa, ba ta da danƙo, ga sanyi na hana ƙullu tashi sai an matsa da shi jikin hita. Kabewar taushe kam akwai, yakuwa ce wahala.

A gaida Baba da Kawu. Gwaggo kuwa gaisuwa ta musamman, a ce mata na san yau ita ce kan tanda a gurbin Kaka, ta riƙa hutar da gwiwarta. Ina gaida Yaya da amaryarsa, da maƙwabta duka.

In an samu mai tahowa, a ba shi kanwa da busasshiyar yakuwa.

Taku har kullum.