Batun "OK": ba daga fagen yaƙi ta fito ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Abin da baƙonku ya faɗa a shirinku na rediyo daren Talata ne ya sa na ɗauki biro. Wai "OK" daga yaƙin basasar Amurka ta samo asali, wai in sojoji sun dawo ba a kashe kowa ba sai su rubuta sifili da K, harafin farko na "killed", wato waɗanda aka kashe. Mai gabatarwa kuwa sai "ikon Allah!" yake ta yi, bai ko tambaye shi inda ya tsinto zancen ba.

Shekara 31 na yi da alli a hannu ina koyar da Turanci. Amma washegari jikata 'yar sakandare ta tare ni a zaure tana dariya: "Tsoho, ashe duk shaci-faɗi kake mana, ga shi rediyo ta tona ka." Har yau ta ƙi yarda da ni. Abin da kuka jawo mini ke nan a gidana.

A 1861 aka fara wannan yaƙin. Kalmar kuwa ta fito a jaridar Boston Morning Post tun ranar 23 ga Maris, 1839, shekara 22 kafin nan. Wasa ne da ake yayi a Boston lokacin: a ɓata rubutun magana da gangan, sannan a gajarta ta. "All correct" ta koma "oll korrect", aka ɗauki O da K. Ba shi da maraba da "slm" da "ykk" da yaranmu ke cika mana waya da su.

Sauran irinta duk sun mutu, ita siyasa ce ta raya ta. A zaɓen 1840 magoya bayan Shugaban Amurka Martin Van Buren, wanda ake wa laƙabi da Old Kinderhook saboda sunan garinsu, suka mayar da haruffan takensu. Shi ya sha kaye, kalmar ta zauna daram. Farfesa Allen Walker Read ya bi diddigin wannan duka tun 1963.

Ku gyara a cikin shirin, da bakin wanda ya yi ɓarnar, yarinyar nan ta ji da kunnenta.

Sannan don Allah, shirin minti talatin, tallar maganin basir har sau huɗu? Ana tsakiyar magana sai ku datse. Ku rage.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, daga Zariya