Kafin ka ba da aron karenka don barbara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon karnuka.

Ina da kare namiji, jinsin Jaman Shefad, shekararsa uku. Kwanakin baya muna tafe wani mutum ya tsayar da ni, ya yi ta yaba girmansa da gashinsa. Ya ce yana da karya irinsa, in ba shi aro ya barbare ta, in ta haihu a ba ni kwikwiyo ɗaya. Gaskiya raina ya biya. Wa zai ƙi a ce jinin karensa ake nema?

Da na je wa likitan dabbobi da maganar, sai ya ce a fara ɗaukar hoton ƙashin ƙugunsa. Na yi dariya, don kare ne mai tsallake katanga. Hoto ya fito, sai ga kan ƙashin cinyar hagu bai zauna daidai a gurbinsa ba. Wannan lahani gadonsa ake yi, kuma ya yi yawa a manyan karnuka irin nawa da Rottweiler da Labrador. Kare na iya shekaru yana gudu lafiya lau kafin ɗingishi ya fito. Gidauniyar OFA ta Amurka, mai tantance lafiyar ƙasusuwan karnuka, ma ba ta ba da cikakkiyar shaidar lafiyar ƙugu sai kare ya cika wata 24.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin. Karya takan nemi namiji kamar sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne, babba kuma tana iya zuba 'ya'ya takwas. Namiji fa? In ya yi suna, karya goma ma sai a kawo masa cikin shekara. Ashe lahanin da ke jikin namiji ya fi na mace saurin bazuwa, amma mu masu maza mu ne muke ganin ba ruwanmu, mun ba da aro mun karɓi namu.

Ga kuma abin da karen zai iya kwasowa wajen barbara. Akwai cutar burusela da ke sa karya ɓari, ta hana namiji haihuwa, har mutum tana iya kamawa, kuma sai an gwada jini ake ganewa. Akwai wani ƙari da ke fitowa a al'aurar karnuka, wanda ta barbara yake yaɗuwa. Masu cewa kare zai lalace in bai taɓa barbara ba, ban ga alamar haka ga nawa ba. Wasu ma bayan sun ɗanɗana ne suke koyon fitsari a kowane lungu da neman hanyar ficewa.

Na koma wurin mutumin na tambaye shi ko an gwada karyarsa, da kuma wa zai riƙe kwiyakwiyan har su yi mako takwas a gaban uwarsu, da inda za su je bayan nan. Ya ce Allah zai kawo masu saye. Na miƙa masa hoton, ya ƙura masa ido, ya ce shi bai ga komai ba, ai kare ƙosasshe ne. Na ba shi haƙuri. Ba a yi mako ba na ji ya samu wani namijin.

Nawa kuwa an sa ranar da za a fiɗiye shi, an kuma ce in rage masa ƙiba saboda ƙugun.

Naka,
Wani mai kiwon kare